Yadda Ake Kafa Shirin Koyon Sana'a a Unguwa Ya Ɗore

Yawancin shirye-shiryen tallafa wa matasa ranar rabon kaya suke mutuwa. A horar da yara mako biyu, a ɗauki hoto, a miƙa wa kowa keken ɗinki ko injin aski, kafin wata ya zagayo kayan sun koma kasuwa. Yaron bai iya aikin ba tukuna, ba shi da shago, ga bashin mai shayi, wani ma ƙwaya na jan sa. Shirin da zai ɗore yana buƙatar maigida a sana'a, babba mai sa ido, da hanyar asibiti da aka share tun kafin a buƙace ta.

A fara da kwamitin mutum bakwai zuwa tara: mai unguwa, liman, malamar Islamiyya, ma'aikacin lafiya daga asibitin sha-ka-tafi, masu sana'a biyu, da matasa biyu, namiji da mace. A karɓi gudummawar ɗan siyasa, amma kada a ba shi shugabanci, don zaɓe na wucewa shirin zai bi shi. A yi rajistar ƙungiya, a buɗe asusun banki da ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu.

Sanarwa a masallaci ba ta isa ba, domin waɗanda aka fi nema ba sa jin ta. A bi su majalisarsu, teburin mai shayi da gidan kallon ƙwallo. 'Yan mata da ƙananan zawarawa kuwa ta hannun iyayensu mata. A ɗauki 15 zuwa 20 a zangon farko. Fiye da haka, sa ido ya gagara.

Kafin a zaɓi sana'a, a zaga unguwa a ƙirga shaguna. Layin da ke da tela goma ba ya buƙatar na sha ɗaya. A tambayi magina da masu gidaje wane ma'aikaci suke wahalar samu: sau da yawa mai haɗa sola ne, mai aikin famfo, mai sa tayil, ko bakaniken Adaidaita Sahu. Aski ana iya kama shi a wata uku zuwa shida, gyaran waya kusan shekara, walda da kanikanci shekara biyu ko fiye. Wanda ya ce zai fitar da mai walda a mako shida takarda kawai zai bayar.

Da maigidan da zai koyar a yi yarjejeniya a rubuce, da boko ko ajami, mai unguwa da uban yaro su sa hannu. A rubuta tsawon lokaci, abin da yaro zai iya bayan kowane wata uku, da cewa babu duka. A biya shi rabin kuɗinsa a farko, sauran bayan wani gwani daban ya gwada yaron. In ba haka ba yaro zai shekara yana sayo abinci da sharar shago bai taɓa kama sifana ba. Hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, NDE, tana da ofis a kowace jiha da tsarin haɗa matasa da masu sana'a, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya kuma tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai takardar shaida. A nemi duka biyun.

Makonni shida na farko aka fi gudu, kuma yunwa ce sanadi. Yaron da ke samun na abinci daga kwandasta ko jari-bola ya bar wannan ya zo inda ba a biyan sa. A ware masa kuɗin mota da abincin rana, a biya duk ranar Alhamis gwargwadon kwanakin da ya halarta. Kuɗin wata guda a dunƙule kwana uku suke yi.

Kowane matasa biyar a ba su babba ɗaya, wanda ba ubansu ba kuma ba maigidansu ba, ya zauna da kowanne rabin awa a mako, su biyu kawai. Aikinsa sauraro ne. Wa'azi yaran sun sha shi. Abin da aka faɗa masa ba ya zuwa majalisa, sai in rai na cikin haɗari. Yana lura da wanda ya daina barci ko ya daina cin abinci, mai fara'ar da ya koma shiru, wanda ya bar wanka, mai saurin hasala ba dalili. In haka ta kai mako biyu, ciwon damuwa ake zargi, kuma yana da magani. Mai jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko mai zargin ana bin sa za a kashe shi, asibiti za a kai shi a ranar. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana ganin likita. Wanda ya ce gara ya mutu ya huta, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari daga gidan.

Shaye-shaye ba ƙaramin lamari ba ne: binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Najeriya na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da su, kuma a shekarar ce aka haramta maganin tari mai kodin. Kada a kori yaro don an gano yana sha, in dai ba ya zuwa aiki a buge. Kada kuma a kulle mai shan Tramadol ko Diazepam a ɗaki a ce ya daina yau: jiki zai ɗauki rawa, ga amai da rashin barci, yanke Diazepam farat ɗaya ma yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Likita ne ke rage masa a hankali. Ɗaure mutum a mari ba magani ba ne. A 2019 'yan sanda sun fitar da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023 ta kare haƙƙin majiyyaci. Kwamiti ya san hanyar asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato ko na Maiduguri, ya san ranakun ganin likita, ya kuma ajiye kashi ɗaya cikin goma na asusunsa don mota da magani.

Kayan aiki sai bayan an ci gwaji, kuma aro ne. Rasit yana hannun ƙungiya, yaro yana zubi duk mako kamar adashi har ya biya rabin kuɗin, sannan kayan su zama nasa. Abin da ya zuba shi zai saya wa 'yan zango na gaba. A haɗa uku ko huɗu a shago ɗaya su raba haya da kuɗin wuta, masu unguwa kuma su fara kai musu aikin masallaci, makaranta da gidajensu. Wata shida bayan yaye su, sakatare ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya rubuta wa ke aiki, wa ya bari, da dalilinsa. Da wannan littafin za a zaɓi sana'o'i da iyayen gidan zango na biyu.