Darasi na 9: Saƙar Inna a Agege

A bayan tashar jirgin ƙasa ta Agege akwai wani gidan haya mai ɗakuna da yawa, kowane ɗaki da yarensa. A ɗakin ƙarshe, kusa da rijiya, wata dattijuwa 'yar Damagaram take zaune. Duk matan ajinmu Inna suke ce mata. Maigidanta ya zo Legas harkar goro, da ya samu wurin zama ya aika aka kawo ta. Ta baro Nijar, ta baro 'yan uwa da jikoki, ta zo garin da ba ta jin Yarabanci balle Turanci. A ƙasan kwallarta ta ɓoyo tsinken saƙa guda biyu da kwarashi ɗaya.

Inna takan tashi da asuba. In ta yi salla sai ta dama koko, ta share ƙofar ɗaki, ta ɗebo ruwa. Da hantsi ya ɗaga sai ta shimfiɗa tabarma a baranda, ta jawo ledar ulu. Nan take zama har azahar, tana saƙa tana sauraron rediyo. Maƙwabtanta Yarabawa da Inyamurai sukan tsaya su duba, su nuna da hannu, ita ma ta amsa da hannu. Da tsinken nan ta yi ƙawayenta na farko a Legas, tun kafin ta iya gaisuwarsu.

Inna ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko a bakin mutanen Nijar. Da taƙi take awo, da ido take ƙiyasi, kuma a gida hakan ya ishe ta, domin zare ɗaya ta saba da shi shekara da shekaru. A nan ta sayi wani ulu, ta saƙa wa jaririn maƙwabciya hula da ƙidayar da ta saba. Ranar suna aka sa wa yaro, hular ta rufe masa ido har hanci. Bayan nan ta saƙa suwaita, ulu ya ƙare mata a hannun riga, ta koma shago ta ƙaro. Da aka fito da rigar rana sai ga hannu ɗaya ya fi jikin rigar duhu. Ranar ta zo aji ranta a ɓace.

"Malama, hannuna bai manta ba, amma zaren garin nan ba ya jin maganata."

"Inna, takardar da ke naɗe a jikin ulun, kina duba ta?"

"Wace takarda, ɗiyata? Da ita nake hura gawayi."

Wannan darasi a kan takardar nan yake, da lissafin da ke biye da ita. Yadda ake riƙe tsinke da yadda ake zarga zare, wannan hannu ne yake koya wa hannu, ki zauna kusa da wadda ta iya. Littafi ƙidaya zai koya miki.

Karanta takardar ulu

Ɗauko ƙullin ulu, ki juya takardarsa a hankali. Ko da Turanci aka rubuta ta, ko da Faransanci, lambobin duk iri ɗaya ne. Nemi waɗannan baƙaƙe a gefen lamba: g, m, mm.

Idan kin ga 50 g ko 100 g, nauyin ƙullin ke nan, giram hamsin ko giram ɗari. Idan kin ga lamba da m guda ɗaya, tsawon zaren ne a mita. Ƙulli biyu suna iya yin nauyi ɗaya amma tsawonsu ya bambanta, domin zare mai kauri ya fi siriri saurin ƙarewa. Idan kuma kin ga mm, kamar 4 mm, kaurin tsinken da ya dace da zaren ake gaya miki, milimita huɗu. Duba jikin tsinkenki ko kansa, yawanci akwai lambarsa a rubuce.

Akwai wata lambar da ta fi waɗannan ɓoyewa, ita ce lambar rini. Duk wadda ta taɓa kai zane marina, irin ta Ƙofar Mata a Kano, ta san turmin da aka tsoma yau da wanda aka tsoma gobe ba sa fitowa daidai, ko da baba ɗaya ne. Haka yake a masana'antar ulu. Ƙullin da aka rina tare lambarsu ɗaya. Abin da ya ɓata wa Inna suwaita ke nan. Saboda haka ki sayi duk abin da aikin zai ci a rana ɗaya, ki jera takardun a gaban mai shago, ki tabbata lambobin sun yi daidai. Gara ki dawo gida da ƙulli ɗaya na rara da ki koma kasuwar Oshodi ko ta Balogun cikin cunkoson motoci ki tarar launin ya ƙare.

A ƙasan takardar akwai ƙananan hotuna. Baho da lamba 30 a ciki yana nufin ruwan wanki kada ya yi zafi, ruwan randa ya isa. Baho da hannu a ciki, wankin hannu ne. Dutsen guga da aka soke da layi biyu, kada a goge.

Wane irin zare ne a hannunki?

Duk abin da ake saƙa kayan sanyi da shi ulu muke ce masa, amma yawanci iri uku ne. Akwai na gashin tumaki, akwai na auduga, akwai na roba. Yawancin mai arha da launi mai haske da ke shagunan kayan ɗinki na roba ne, daga sinadaran man fetur ake yin sa. Wani ƙullin ma ba shi da takarda sam. To, ga gwaji. Yanki zare kamar tsawon ɗan yatsa, ki riƙe shi da almakashi a kan kwanon ruwa, ki kanga masa ashana. Na gashin tumaki yana warin babbakar kan rago, tokarsa tana murmushewa. Na auduga yana ci kamar takarda, ya bar toka mai laushi. Na roba narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi tauri, yana warin ƙonanniyar leda.

Ki riƙe wannan da kyau: abin da ya narke a bakin ashana zai narke a jikin yaro. Yaron da ke sanye da suwaitar roba kada ya matsa kusa da kurfoti ko risho.

Sai batun yanayi, kuma a nan nake roƙon iyaye mata. Damagaram a watan Disamba da Janairu sanyin asuba har ƙashi yake shiga. Legas ba haka take ba. Iskar teku ce, ga zafi ga laima, hunturun ma ɗan leƙowa yake yi ya koma. Amma sai ki shiga danfo, motar haya ta Legas, da tsakar rana ki ga jariri cikin hula da suwaita da safa, an kuma lulluɓe shi da shawul, yana ta kuka. Jariri sabon haihuwa yana bukatar hula a kwanakin farko, musamman bakwaini, domin jikinsa ba ya riƙe ɗumi. Bayan wannan, ki riƙa sa hannu a bayan wuyansa. In kin ji gumi, rage masa kaya, kafin ƙurajen zafi su feso masa. Abin da za a sa a Legas a saƙa shi da zaren auduga, siriri. Mai kauri a bar wa mutanen gida, can inda ake sanyi.

Lissafin ido

Kowane zagayen zare da ke kan tsinke, a littafin nan ido za mu riƙa ce masa. In kin saƙa daga wannan gefe zuwa wancan, kin yi layi ɗaya.

Kafin ki fara hula, saƙa ɗan ƙyalle na gwaji da zaren da tsinken da za ki yi aikin da su. Ɗora ido 26, ki yi layi kamar 20. Shimfiɗa shi a kan tabarma, kada ki ja shi. Ɗora tef ɗin tela a tsakiyarsa, ki ƙirga ido nawa ne a cikin santimita 10. Inna da farko cewa ta yi wannan ɓarnar zare ce. Ba ɓarna ba ce, in kin gama ƙirga sai ki warware shi ki sa a cikin aikin.

A ce kin samu ido 20 a santimita 10. Raba 20 gida 10, ya ba ki 2. Wato kowace santimita ɗaya tana cin ido 2.

Zagayen kan jariri sabon haihuwa yakan kai santimita 33 zuwa 35. Saƙa tana miƙewa, don haka hular ta ɗan gaza kan, mu ce santimita 32. Yanzu sai mu ninka:

32 × 2 = 64

Ido 64 za ki ɗora. Da a ce zarenki siriri ne, kin samu ido 25 a santimita 10, da ido 80 za ki ɗora. Da mai kauri ne, ido 15 a santimita 10, da 48 sun isa. Kin ga inda hular Inna ta samu matsala: ƙidayar siririn zare ta yi wa mai kauri.

Fara da bakin hula. Ido ɗaya saƙar gaba, ido ɗaya saƙar baya, haka har ƙarshen layi, sai tsayinsa ya kai santimita 3. Wannan bakin shi yake kama kan yaro. Daga nan ki ci gaba, layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya, har tsayin duka ya kai santimita 8.

Yanzu sai ragi, don hular ta tattaro a sama. Saƙa ido 6, ki haɗa biyu na gaba su zama ɗaya. Maimaita har ƙarshen layi, sau 8 ke nan, ido 56 za su rage. Dawo da layin baya ba ragi. A layi na gaba saƙa 5 ki haɗa biyu, saura 48. Sai 4 ki haɗa biyu, saura 40. Ki bi haka, kowane ragi yana cin ido 8:

64, 56, 48, 40, 32, 24, 16, 8

Karanta lambobin nan daga dama zuwa hagu da ƙarfi. Ninkin takwas ne da muka yi a allo. Idan ido 8 suka rage, yanke zaren da tsawo, ki zura shi a babbar allura, ki bi ta cikin idon takwas, ki ja su haɗe. Da sauran zaren ki ɗinke gefen hular ta ciki, ɗinki mai laushi da ba zai kwanta wa yaro a fata ba. Ƙulli ɗaya mai 50 g ya ishi wannan hula har da saura.

In sallama ta katse ki, ko tukunya ta kira ki, kada ki dogara da ƙwaƙwalwa. Ajiye ɗan littafi da fensir a cikin ledar ulu. Kowane layi kika gama ki ja sanda ɗaya, na biyar ki gicciya shi a kan huɗun. Inna yanzu har sunan mai hula take rubutawa a saman shafi, da lambar tsinke, da yawan ido, ta kuma liƙa takardar ulun a gefe.

Ajiya da aike

Ruwan Legas yakan fara tun wajen Afrilu, bai ɗaukewa sai wajen Oktoba, ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli. A watannin nan kayan saƙa da aka cusa a jaka da ɗan danshi fumfuna suke yi, su yi wari. In kin wanke, kada ki murɗe, kada ki rataye a igiya, nauyin ruwa zai ja rigar ta zama doguwa. Naɗe ta a tawul ki danna, ki shimfiɗa ta a inuwa inda iska ke bi. Sai ta bushe ƙarau za ki ninke. Kada jakar ta zauna a kan siminti, kuma duk ranar da rana ta fito ki buɗe ta ta sha iska.

Inna da damina take saƙa kayan jikokinta, lokacin da ruwa ya hana fita, don su isa gida kafin sanyi ya sauka. Takan ba direban da zai tafi Kano, daga can a bi da su ta Daura da Matamai zuwa Damagaram. Da can sai ta nemi ɗan makaranta ya rubuta mata a jikin ƙunshin. Bana da hannunta ta rubuta, da manyan baƙaƙe: sunan ɗiyarta, unguwa, gari, da lambar waya. Ta kawo mini in duba, ta juya lamba 6 ta zama 9 a wuri ɗaya. Muka gyara tare, ta sake karanta lambar sau biyu tana bi da yatsa.

Aikin gida

Kwafi waɗannan kalmomi sau uku-uku a littafinki, ki lura da baƙaƙe masu lanƙwasa: saƙa, ƙulli, ƙirga, ɗora, haɗa, ɗinki.

Nemo takardar ulu guda ɗaya. Rubuta nauyinsa, tsawonsa, lambar tsinke da lambar rini. In babu ɗaya daga ciki, ja layi a wurin.

Kin yi gwaji kin samu ido 20 a santimita 10. Kina son hula mai zagayen santimita 40 don yaron da ya fara zama. Ido nawa za ki ɗora? Sau nawa za ki yi ragin takwas-takwas kafin ido 8 su rage?

A ce suwaita tana cin ulu giram 250, a shago kuma ƙulli mai 100 g kaɗai ake da shi. Ƙulli nawa za ki saya, giram nawa zai yi saura?

Ranar aji mai zuwa kowa ta zo da tsinkenta, da tef, da ƙyallen gwajin da ta saƙa. Wadda ba ta da tsinke ta zauna kusa da Inna, tana da na aro.