Yadda Ake Raɗa wa Dutsen Sararin Samaniya Suna

Da farko, in ka hango sabon dutse da na'urar hangen nesa, aika ma'aunin inda ka gan shi zuwa MPC, cibiyar tattara bayanan irin waɗannan duwatsu da ke Amurka. Za su ba shi lambar wucin gadi, kamar 1999 RQ36.

Sai haƙuri. Dole a yi ta bibiyarsa, sau da yawa shekaru, har a tabbatar da hanyar da yake bi wajen zagaya rana. Sannan ya sami lamba ta dindindin, kai kuma ka sami shekara 10 na ba da suna.

Nan ne aikin yake. Kada sunan ya wuce haruffa 16, ya kasance mai faɗuwa a baki, ban da zagi da tallan haja. Ɗan siyasa ko jagoran yaƙi sai ya cika shekara 100 da rasuwa, kuma ƙa'idar nan ta yi mini daidai. Malamai da masana da marubuta kuwa ƙofa a buɗe take: dutse mai lamba 316201 sunan Malala Yousafzai, mai fafutukar ilimin 'ya'ya mata, yake ɗauke da shi.

Rubuta gajeren bayanin dalilin karramawar, ka miƙa wa kwamitin ƙungiyar masana taurari ta duniya, IAU. In suka amince suka wallafa, suna ya tabbata. Haka 1999 RQ36 ya zama Bennu a 2013.