Darasi na Bakwai: Wutar Lantarki, Tsakanin Mai da Hasken Rana

A garuruwanmu, da zarar an kawo wuta sai ka ji yara sun ɗauki ihun "NEPA!", alhali hukumar da ke da wannan suna ta daɗe da shuɗewa, har ma an miƙa rarraba wutar ga kamfanoni masu zaman kansu tun shekarar 2013. Wannan ihu shaida ce cewa har yanzu wuta baƙuwa ce a gidajenmu. Ƙiyasin Bankin Duniya na shekarar 2021 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 85 a Najeriya ba su da wutar lantarki. A wannan darasi za mu koyi inda wutar take fitowa, sa'annan mu yi lissafin abin da ya fi dacewa da gida da shago.

Hanyoyin samar da wuta iri biyu ne. Akwai abubuwan da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa a ƙona, wato fetur da dizal da iskar gas da kwal, waɗanda duk wanda aka ƙona ya tafi ke nan. Akwai kuma waɗanda ba sa ƙarewa, wato hasken rana da iska da ruwa mai gudu, su ne ake kira makamashi mai sabuntuwa.

Mafi yawan wutar da ke bin manyan wayoyin Najeriya daga iskar gas take fitowa, kuma manyan tashoshinta, irin su Egbin da ke jihar Legas, a kudancin ƙasar suke, kusa da inda ake samun gas ɗin. Ragowar tana fitowa ne daga madatsun ruwa: Kainji da aka kammala a 1968, sai Jebba, sai Shiroro, sai kuma Zungeru ta baya-bayan nan. Ma'anar wannan ita ce, kafin wuta ta iso Kano ko Sakkwato ko Maiduguri sai ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci a kan turaku, kuma duk abin da ya sami turakun a hanya ya same mu. A watan Oktoba na 2024, lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna wanda ɓata-gari suka lalata, ta jefa jihohi da dama cikin duhu fiye da mako guda. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana irin wannan ta wata fuskar, domin bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023 Najeriya ta katse musu wuta, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutarsu daga nan take zuwa, sai tashar sola, wato ta wutar hasken rana, ta Gorou Banda da ke kusa da Yamai, mai ƙarfin megawat 30 (megawat ma'aunin ƙarfin manyan tashoshin wuta ne), ta rage musu raɗaɗi.

Masana da shugabanni suna muhawara a kan hanyar da ya kamata ƙasashe masu tasowa su bi. Wasu suna cewa hayaƙin mai da kwal shi ne ke haddasa ɗumamar yanayi, don haka a rungumi rana da iska. Wasu kuma suna cewa ƙasashen Turai da Amurka da China da kwal da mai suka gina masana'antunsu, kuma nahiyar Afirka gaba ɗayanta kusan kashi 4 cikin 100 kawai take fitarwa na wannan hayaƙi, saboda haka bai dace a hana ta amfani da gas ɗinta ba. A ganinmu kowane ɓangare yana da hujja, domin masana'antar siminti ko ta narka ƙarfe tana buƙatar wuta mai ƙarfi dare da rana, wadda a yanzu gas da ruwa ne suka fi iya bayarwa. Amma ƙauyen da ke nesa da babban layi, wanda zai iya shekara ashirin yana jiran turke, ba shi da dalilin zaman jira, tun da rana tana fitowa a kan rufinsa kullum. Jami'ar Bayero ta Kano ma, da take cikin birni, tun 2019 take da tashar sola tata.

Yanzu sai mu koma gida, inda darasin ya fi shafarmu. Janareta yana da sauƙin saye, amma kullum sai an ciyar da shi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane mai shagon aski da mai ɗinki ya san wannan a aljihunsa. Mu ɗauka ana sayar da lita a kan naira 1,000, kuma mai shago yana ƙona lita 2 a kullum. Kuɗin mansa na yini naira 2,000 ne, na wata naira 60,000, na shekara kuwa naira 730,000, ba a sa kuɗin baƙin mai da na makaniki ba. Ita sola nauyinta a ranar saye yake, daga nan kuma ba wanda zai kawo maka takardar biyan kuɗin hasken rana.

Kafin ka je kasuwa, ka zauna da takarda da biro ka lissafa abin da gidanka yake ci. A jikin kowane kayan wuta akwai lamba da harafin W, wato wat, shi ne ma'aunin ƙarfin wutar da yake ja. Sai ka ninka lambar da yawan awoyin da kake kunna shi, abin da ya fito shi ne yawan wutar da ya ci a yini. Ƙwan fitila 4 masu wat 10, idan sun yi awa 5, sun ci 200. Fanka mai wat 50 a awa 6 ta ci 300. Talabijin mai wat 60 a awa 4 ta ci 240, cajin wayoyi kuma mu ba shi 60. Jimilla 800 ke nan a yini. Farantin sola mai wat 200, idan ya sami rana mai ƙarfi ta awa 5, zai ba da 1,000 a lissafin takarda, amma da yake wani kaso yana salwanta a waya da batir da zafin rufi, gara ka sayi mai wat 250 ko 300. Ka lura da dutsen guga: mai wat 1,000 a awa ɗaya tak zai cinye fiye da abin da gidan gaba ɗaya ya ci a yini, don haka shi da tukunyar dafa ruwa ba abokan ƙaramar sola ba ne.

Raunin sola yana wajen batir, domin shi ne rumbun da ake tara wutar rana a ci da dare, kuma shi ne ke riga sauran kayan mutuwa. Faranti mai kyau yana wuce shekara ashirin, batirin dalma kuwa a 'yan shekaru yake gajiya, musamman idan ana barin sa ya zuƙe ƙarƙaf kowane dare. Na litiyom ya fi tsada, ya kuma fi daɗewa. A nan ne Bahaushe ya ce araha ba ta ado, kuma da yawa daga masu cewa sola yaudara ce tsohon batir aka sayar musu a matsayin sabo. Ka nemi rasit da takardar garanti, ka kuma ɗauki ma'aikacin da ka ga aikinsa a gidan wani. Lokacin hunturu ƙura takan lulluɓe faranti ta rage masa ƙarfi, sai a riƙa goge shi da tsumma mai laushi da ruwa da sassafe kafin ya yi zafi. Mataccen batir kuma akwai guba a cikinsa, kada a jefar da shi a bola inda yara ke wasa, a mayar wa masu saye.

Wanda har yanzu janareta yake amfani da shi, kada ya kunna shi a cikin ɗaki ko zaure ko kusa da taga, ko da ana ruwan sama, ko da ana tsoron ɓarayi. Hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma ta sha kashe iyali guda suna barci. Haka nan kada a zuba masa mai yana aiki.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya duba kayan wuta uku a gidansa ko shagonsa, ya rubuta lambar wat da ke jikin kowanne da awoyin da yake aiki, sa'annan ya rubuta kuɗin man da ya kashe a mako guda. A zo da takardar aji mai zuwa domin mu yi lissafin tare a kan allo.