Kurakuran Masu Gasa Talo-talo da Kayan Gareji a Amurka

Duk shekara idan Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba ta matso, wato ranar bikin Godiya da Amurkawa ke cin talo-talo, sai in ga samarin da ke koyon aiki a garejinmu sun fara yi wa kayan aiki kallon kayan girki. Wannan ya ce wutar walda za ta gasa shi cikin minti goma, wancan ya ce a naɗe shi a ɗora bisa injin mota a yi tafiyar awa uku. Ban hana kowa wasa ba, domin ni ma na yi, amma na gaji da ganin kuskure iri ɗaya yana dawowa kowace shekara.

Mafi muni shi ne tsoma talo-talo mai ƙanƙara cikin tafasasshen mai, kuma wannan a jikina na koye shi. Wata shekara na rataye nawa a sarƙar da muke ɗaga injin mota da ita, ina zura shi sannu a hankali cikin tukunyar man gyaɗa, ina ta alfahari da dabarata a gaban baƙi. Kwana ɗaya kacal ya yi a wajen firiza, saboda haka fatar ta yi laushi amma cikinsa dutse ne. Mai yana kan digiri 175, ruwa kuwa idan ya koma tururi yakan kumbura kusan sau 1,700, don haka kafin in ƙifta ido man ya yi ambaliya ya zubo kan wutar gas, harshenta ya lashi ƙofar gareji. Na rasa gira, na rasa ƙofa, baƙina kuma suka ci shinkafa da kifin gwangwani, matata tana kallona ba ta ce uffan ba. Wanda duk ya ce zai yi sauri ya narkar da shi da bindigar iska mai zafi ta cire fenti, yaudarar kansa yake yi, domin waje kawai take ɗumamawa. Ƙa'idar ita ce awa 24 a cikin firji ga kowane kilo biyu, ni kuwa ina ƙara kwana guda, sannan in zura hannu har ciki in laluba, in tsane shi da tawul. Ina kashe gas kafin in zura shi, kuma tukunyar tana fili nesa da bango. Idan wuta ta kama mai, kada wanda ya kuskura ya watsa ruwa.

Na biyu shi ne kifa wa talo-talo kwandon shara na ƙarfe a zuba garwashi a kai da kewaye. Dabarar tana aiki, amma yawancin kwandunan nan an lulluɓe su da tutiya, kuma duk mai walda ya san zazzaɓin da hayaƙinta ke kawowa. Abin kunya ne mutum ya san haka a bakin aiki, sannan ya ciyar da 'ya'yansa naman da ya sha wannan hayaƙi. Ni durom na baƙin ƙarfe marar fenti nake nema, wanda bai taɓa ganin man inji ba.

Wutar walda ta haura digiri 3,000, ba abin da za ta ba ka sai gawayi a waje da ɗanyen nama a ciki. Bindigar da muke ɗura wa mota giris da ita ba ta dace da ɗura wa nama yaji ba, komai wankin da ta sha. Idan za a raba shi da zarto, a sa sabon baki.

Akwai kuma masu auna shi da ma'aunin zafin da muke haska wa lagireto daga nesa, alhali zafin fata kawai yake karantawa. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ce sai tsokar ta kai digiri 74, wato 165 a ma'aunin Amurkawa. Nawa ma'aunin mai tsinke ne, ina soka shi a kaurin cinya ba tare da ya taɓa ƙashi ba, kuma a aljihun rigata yake kwana tun daren Laraba, don kada yaran su ɗauka su cusa shi a injin wani.