Daga ba shugaban Amurka shawara zuwa bankin zuba jari: yadda ake sauya sheƙa ba a taka doka ba

Banki ba ya ɗaukar tsohon mashawarcin shugaban ƙasa don iya lissafi, yana da matasan da ke kwana a kan wannan. Abin da yake saye shi ne manyan da ke ɗaga waya idan mutumin ya kira. Rahm Emanuel, babban mai ba Bill Clinton shawara, ya bar fadar White House a 1998 ya shiga bankin zuba jari na Wasserstein Perella a Chicago bai taɓa aikin banki ba, amma cikin shekara biyu da rabi ya samu dala miliyan 16.2. Yana cikin waɗanda suka yi dillancin haɗewar kamfanonin lantarki na Unicom da PECO, wadda ta haifi kamfanin Exelon a 2000. Shugabannin kamfanoni ya nema, can kuɗin yake.

Tun kana kan kujera za ka fara taka-tsantsan. Da zarar maganar aiki ta shiga tsakaninka da banki, dokar STOCK ta 2012 ta ba ka kwanakin aiki 3 ka sanar da jami'in ɗa'a a rubuce, sashe na 208 na dokar laifuka kuma ya tilasta maka cire hannu daga duk batun da ya taɓa aljihun bankin. Nan ake yawan zamewa: mutum ya ɗauka hira ce kawai a teburin cin abinci, alhali an riga an fara ciniki.

Bayan ka sauka sai sashe na 207 na dokar laifukan. Babban jami'i zai yi shekara ɗaya bai nemi alfarma wa kowa a tsohuwar ma'aikatarsa ba, na can ƙoli shekara biyu. Takamaiman batun da ka riƙe da hannunka kuwa, har abada ba ka wakiltar wani a kansa gaban gwamnati. Ba da shawara a cikin gida dai ba laifi.

Sai jarrabawar FINRA, hukumar da ke sa ido kan dillalan hannun jari, jarrabawar da ba ta san muƙami ba. SIE, ta share fage, kowa na iya zama da kansa, Series 79 kuwa, ta aikin bankin zuba jari, sai banki ya tsaya maka da fom ɗin rajista na U4. Series 79 tambaya 75 ce, ana cin ta da kashi 73. Ka faɗi, ka jira wani lokaci kafin ka sake zama. Faɗuwa ta uku, jiran ya fi tsawo.

Idan sashen bashin jihohi da birane za ka shiga, binciki gudummawar kamfen da ka bayar a baya. A ƙa'idar G-37 ta wannan kasuwa, abin da ya haura dala 250 ga ɗan takarar da kake da ikon zaɓa na iya toshe wa bankin harkar bashi da jihar ko birnin da ɗan takarar ke neman muƙami a ciki shekara biyu.