Kurakuran da ke kashe lambun ofis tun kafin a ci ganyen farko

Ma'aikatu da dama a Kano da Kaduna da Zariya sun fara gane cewa ciyawar adon da ke gaban ofis ruwa kawai take sha, ba mutum ba, ko ƙudan zuma ba ya ƙaruwa da ita. Sai a yanke shawarar mayar da filin lambun kayan miya. Na daɗe ina taya mutane wannan aiki, kuma na gaji da ganin ana maimaita ɓarna iri ɗaya.

Ta farko ita ce raina kirikiri. Yawancin ciyawar adon ofisoshinmu ita ce, kuma jijiyarta ta ƙarƙashin ƙasa take bi, kowace gaɓa tana iya fitar da sabon tsiro. Sai a kawo fartanya a kafce, a daddatsa ta, ƙasa ta yi laushi, kowa ya ce an gama. Wannan daddatsawar dasa ta aka yi. A wata ma'aikata da na yi wa aiki, shugaban ya matsa lamba a gama kafin ranar buɗewa, aka kafce aka shuka a kai. Ruwa na sauka kirikiri ta taso ta shaƙe alayyahu da rama, iri da takin da na saya da kuɗin aljihuna suka tafi a banza. Har yau abin yana ci mini rai.

Ni a bazara nake fara aikin, Maris ko Afrilu, lokacin da rana ke da zafi. A tono ciyawar da diga, a kakkaɓe ƙasar, a tsince jijiyar da hannu, a shanya ta bushe ƙayau. Daga nan a yi wa filin ban ruwa ba tare da an shuka komai ba, a jira mako biyu, duk abin da ya leƙo a tumɓuke shi. Hanyoyin da ke tsakanin kwamai kuma ina shimfiɗa musu kwalayen da aka kawo kayan ofis a ciki, in zuba ƙaiƙayin shinkafa a sama. Wasu sun fi son feshin maganin ciyawa. Ni ba na yi a inda za a tsinki ganye a kai tukunya. In filin ya cika da aya-aya ko ɓaraguzan gini, kada a wahala, a yi shukar a buhuna.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, kuma ba na ƙasa ba ne, na mutane ne. Ranar buɗewa kowa ya fito, an ɗauki hoto da shebur a hannu, an sa a Facebook. Bayan haka duk aikin ya koma kan mai gadi da masinja, ba ƙarin ko sisi a albashinsu. Amma ranar da kuɓewa ta isa tsinka, direban oga ne zai fara zuwa da leda. Haba jama'a! Wannan zalunci ne, kuma shi ke kashe lambu. Wanda ya sha ranar ban ruwa ya ga wani ya kwashe amfanin, gobe ba zai ɗauki bokiti ba, kuma gaskiyarsa.

Abin da nake yi shi ne kowane kwami ya samu masu shi, mutum biyu ko uku, a rubuta sunayensu a ɗan katako a kafe a gefensa. Kafin a shuka ko ƙwaya ɗaya a zauna a amsa tambayoyin da ba a son amsawa: wa zai yi ban ruwa Asabar da Lahadi, wa zai yi a hutun Sallah, wa zai karɓi aikin wanda ya tafi hutun shekara? In mai gadi ne, a biya shi, kuma kasonsa ya fita kafin na kowa. A tambayi mata ma'aikata abin da za a shuka, su suka san abin da ya yi tsada a kasuwa.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, a bar shi ya ruɓe. Kada a yi kwami kusa da sokawe ko inda baƙin man janareta ke tsiyaya. Ƙarƙashin dogonyaro ba wurin kayan miya ba ne, inuwa da saiwa sun riga sun cinye wurin. Tumatir na hunturu ne, a zafin bazara furensa zubewa yake yi.

Kada kuma a cika filin da abu guda. Wanda ya ga yadda tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta gama da gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016 ya san haɗarin. Ni ina jera zogale da gwanda a bakin katanga, a tsakiya yakuwa da lalo da attaruhu da albasa, kabewa ta bi gefe. Ina barin ɗaɗɗoya ta yi fure saboda ƙudan zuma, don in ba su zo ba kabewa ba ta 'ya'ya. Ana ajiye kasko da ruwa da 'yan duwatsu a ciki, tsuntsaye su sha su kuma tsince tsutsa, sai dai a riƙa canza ruwan saboda sauro. Ƙadangaru kuwa suna cinye sabon tsiro, don haka a rufe rainon da tsohon gidan sauro har sai ganyen ya yi ƙwari.