Yadda Matashi Zai Fara Koyon Rawar Birekin

Yawancin matasan da ke sha'awar rawar birekin a gajerun bidiyoyin waya suka fara ganinta, inda wani yake juyi a kan kansa kamar katantanwa, kuma abin da suka gani shi suke fara gwadawa, su tashi da ciwon wuya. Wannan rawa tana da matakai, kuma matakin farko a kunne yake, domin daga kiɗa aka haife ta.

A unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka ta samo asali. Ranar 11 ga Agusta, 1973, wani matashi haifaffen Jamaika da ake kira DJ Kool Herc ya saka faifai a wani taron nishaɗi da 'yar'uwarsa ta shirya a gida mai lamba 1520 da ke titin Sedgwick. Shi ne ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a ɗan gurbin da mawaƙi yake yin shiru, ganguna kaɗai suke tashi, don haka ya riƙa amfani da faifai biyu masu waƙa ɗaya yana maimaita wannan gurbi domin ya tsawaita. Gurbin shi ne birek, kuma a kansa 'ya'yan baƙar fata da 'yan asalin Puerto Rico suka gina rawar.

Saboda haka, kafin mai koyo ya ɗaga ƙafa, ya ɗauki kwanaki yana sauraron kiɗan da ganguna suka yi ƙarfi a cikinsa, yana ƙirga bugu daga ɗaya zuwa takwas, yana tafi a bugu na biyu da na huɗu da na shida da na takwas, inda ƙaramar ganga mai kaifin sauti take faɗuwa. Duk wanda ya tashi yana jin kalangu ya san bambancin mai rawa da ke bin ganga da wanda ke tsalle kawai a gabanta. A ganina wannan mataki shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne yake tona asirin mai rawa daga baya.

Sai wurin atisaye. Ana bukatar ƙasa mai santsi kuma shimfiɗaɗɗiya, kamar daɓen tayil ko siminti mai laushi. Idan babu, a shimfiɗa faffaɗan kwali ko leda ta tsakar ɗaki, kamar yadda yaran New York suka yi a bakin titi. Wannan arha na cikin abin da ya sa matasa suke son ta, domin ba ta neman kuɗin makaranta ko kayan aiki. A sa takalmi mai ƙasan roba, a ɗumama jiki na minti goma, a ba wuyan hannu da kafaɗa kulawa ta musamman tunda su za su ɗauki nauyi.

Rawar tsaye ake fara koya, wadda masu ita suke kira tofrok. Mutum zai tsaya, ya jefa ƙafar dama ta gitta gaban ta hagu yana buɗe hannuwa, ya dawo da ita, sannan ya yi haka da ta hagu, kowane taku yana faɗuwa daidai da bugun ganga. Da ita ake gabatar da kai idan an shiga fage, kuma a nan ake gane halin mai rawa.

Bayan ta zauna a jiki sai a sauka ƙasa, inda ainihin aikin yake. Tushen rawar ƙasa shi ne taku shida: mai koyo zai tsuguna, ya dafa ƙasa, ƙafafunsa su zagaye hannuwansa a taku shida, yana ɗage hannu ɗaya ya ba ƙafa hanya yayin da ɗayan yake riƙe da nauyinsa. A yi shi a hankali ƙwarai da farko, ana ƙirga kowane taku da baki, ƙugu yana ƙasa, nauyi yana kan tsinin ƙafa. A koye shi ta dama, a koye shi ta hagu, domin wanda ya iya gefe ɗaya kawai yakan maƙale a tsakiyar fage. Makonni da dama za su wuce kafin zagayen ya yi santsi, cinyoyi kuma za su yi tsami, amma daga wannan taku ne mai rawa yake ƙirƙiro nasa salon, ya rage taku ko ya ƙara, ya sauya alkibla.

Daga nan sai daskarewa, wato tsayawa cak a wani yanayi daidai lokacin da kiɗa ya yanke. Mafi sauƙi shi ne a dafa ƙasa da hannu biyu, a tokare gefen ciki da gwiwar hannu ɗaya, a ajiye gefen kai a ƙasa a hankali, sannan a ɗaga ƙafafu, nauyin yana kan hannuwa. Juyi a kan baya ko a kan kai kuwa a bar shi sai jiki ya yi ƙarfi, kuma a yi shi a gaban wanda ya iya, a kan shimfiɗa mai taushi.

Rawar ba ta cika sai an shiga da'ira, inda masu rawa suke zagaye fage, mutum ɗaya ya shiga ya yi abinsa na ɗan lokaci ya fita. Ladubbanta sanannu ne: ba a shiga alhali wani yana ciki, ba a taɓa abokin karawa, kuma kwafar salon wani abin kunya ne. Ko a gasar Olamfik ta 2024 a birnin Paris, inda Phil Wizard na Kanada ya ci zinare a ɓangaren maza, Ami ta Japan kuma a ɓangaren mata, bin kiɗa da ƙirƙira suna cikin abubuwa biyar da alƙalai suka auna, kuma masu rawar ba su san waƙar da za a saka musu ba sai da ta tashi. Don haka a lokacin atisaye, mai koyo ya riƙa barin abokinsa ya zaɓi kiɗan, shi kuwa ya shiga da abin da kunnensa ya ji.